Yadda Ake Yin Dokar Jiha, Da Yadda Za Mu Bi Ta Tun Tana Ƙuduri

Jawabin sakataren ƙungiya a taron wata na Hausawa mazauna Agege, Legas

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da dattawanmu, iyayenmu mata, shugabannin 'yan kasuwa da mahauta da 'yan acaɓa, da matasanmu, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka baro sana'o'inku kuka halarci wannan zama.

A taronmu na watan jiya wani dattijo ya miƙe ya ce, "Wai wa yake yin dokokin nan ne, da ba ma jin labarinsu sai ranar da aka zo kama mu da su?" Kwamiti ya ɗora mana nauyin nemo amsa. Mu ba lauyoyi ba ne, da yawanmu ma sai da muka ajiye iyali muka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Amma mun zauna da kundin tsarin mulkin ƙasa na 1999, mun karanta abin da ya shafe mu, ga kuma abin da muka samo.

Bari mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. A watan Agusta na 2012 gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar zirga-zirga wadda ta hana babura bin hanyoyi 475 a Legas. A 2018 aka yi wata dokar sufuri da ta maye gurbinta. Da ita gwamnati ta dogara ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Fabrairu 2020, ta sake jaddada hanin daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a Satumba na shekarar ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Yaranmu nawa ne suka rasa babur, wasu ma ba su gama biyan bashinsa ba? Abin lura shi ne, dokar da aka kama su da ita ta shekara biyu a rubuce kafin a fara tsananta ta, ba mu karanta ta ba. Ba mun ce da mun karanta da an fasa ba. Amma da wani bai ci bashi ya sayi babur ba, wani kuma da ya canza sana'a tun da wuri.

To wa yake yin dokar jiha? Sashe na 4 na tsarin mulki ya ba majalisar dokokin jiha wannan iko. Sashe na 91 ya ce 'yan majalisar kowace jiha kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Ta Legas, wadda take Alausa a Ikeja, tana da 40, wato mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin 20 da ake da su. Saboda haka mu mutanen Agege wakilai biyu gare mu a can. Ɗaya daga cikin kujerun nan, ta mazaɓar Agege ta ɗaya, ita ce ta fitar da Mudashiru Obasa wanda ya zama kakakin majalisar a 2015. Wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma dole su yi zama na aƙalla kwana 181 a shekara.

Sai dai ba kowane abu ne jiha take da ikon yi wa doka ba. Akwai abubuwan da na tarayya ne kaɗai, kamar soja, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo da shige da fice. Akwai waɗanda tarayya da jiha duka suke iya taɓawa, kuma a gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a Maris 2023 an ba jihohi dama a kan jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, an kuma faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki. Abin da ba a lissafa a jerin biyun nan ba, kamar hayar gida da sarautun gargajiya, na jiha ne. Idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya da aka yi bisa ƙa'ida, ta tarayya ce a sama, tsarin mulki kuwa yana saman su duka. Akwai kuma ƙaramar hukuma, inda kansiloli suke yin ƙananan dokoki a kan kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, da lasisin keke da baro da kura. Don haka 'yan ga-ruwa da masu tura baro, maganarku sau da yawa a sakatariyar ƙaramar hukuma take, ba sai an je Alausa ba.

Yanzu ga hanyar da doka take bi. Kafin ta zama doka sunanta ƙuduri. Ƙuduri yakan fito daga ofishin gwamna, ko daga ɗan majalisa. Mu talakawa ba za mu shigar da shi da hannunmu ba, amma muna iya kai wa wakilinmu shawara ya ɗauka ya gabatar da sunansa.

Mataki na farko shi ne karatu na ɗaya. Akawun majalisa yakan karanta sunan ƙudurin kawai, ba a muhawara. Mataki na biyu, karatu na biyu, nan ne ake tafka muhawara a kan manufar ƙudurin, wane ne zai amfana, wane ne zai cutu. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, kamar na sufuri, ko na gidaje, ko na noma.

Jama'a, a buɗe kunne a nan, don a hannun kwamiti ne ƙofarmu take. Kwamiti yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, a sa sanarwa a jaridu, a gayyaci ƙungiyoyi da duk wanda abin ya shafa ya zo ya yi magana ko ya miƙa takarda. Daga nan kwamiti ya rubuta rahoto ya mayar wa zauren majalisa, a bi ƙudurin sashe bayan sashe, a gyara na gyarawa. Sai karatu na uku, a kaɗa ƙuri'a. Idan masu rinjaye sun yarda, akawu ya aika wa gwamna kwafi mai tsabta.

Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa ta sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku, to ya zama doka ko ba hannunsa. Bayan haka ake buga dokar a jaridar gwamnati da ake kira gazet. Kuma dokoki da yawa sukan ba kwamishina ko wata hukuma ikon fitar da ƙa'idoji daga baya, kamar yawan kuɗin lasisi. Shi ya sa bin doka ba ya ƙarewa ranar da aka sa mata hannu.

Kada mu ɗauka wannan tafiya kullum mai tsawo ce. Wani ƙudurin yakan shekara a kwamiti, wani kuwa kamar ƙiftawar ido. A Mayu 2021 gwamnonin kudu suka taru a Asaba suka yanke shawarar hana kiwon sake. A Satumba na wannan shekara majalisar Legas ta yi karatu na biyu, ta ji ra'ayin jama'a, ta zartar da ƙudurin duk a cikin mako guda, gwamna Babajide Sanwo-Olu kuma ya sa hannu kafin watan ya ƙare. Wakilan makiyaya sun halarci zaman sun faɗi damuwarsu. Amma mu tambayi kanmu, mahautanmu na Oko-Oba da fataken shanu da masu sayar da ciyawa, nawa ne suka san ranar zaman? Wanda ya jira sai ya ji a majalisar shayi, kafin ya sa takalmi an tashi.

Wani zai ce, ai ko mun yi magana ba za a ji ba. Ga abin da ya faru da harajin filaye da gidaje. A farkon 2018, zamanin gwamna Akinwunmi Ambode, aka yi dokar da ta ɗaga shi ƙwarai. Lauyoyi da masu masana'antu da ƙungiyoyin masu gidaje suka tashi tsaye da takardu da zanga-zangar lumana. A Maris na shekarar gwamnati ta rage kuɗin, a 2020 kuma aka yi sabuwar doka ta maye gurbin waccan. Su waɗannan mutane sun karanta dokar, sun nuna sashen da ya cuce su, sun kuma yi magana da murya ɗaya.

Haka kuma ba kowace doka ce take zuwa da bulala ba, wata kariya ce gare mu. Dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai biyan shekara-shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata a ba shi na wata ɗaya. An cire Apapa, Ikoyi, Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja daga cikinta, amma Agege tana ciki. Iyalai nawa aka watsa wa kaya a waje da notis na mako biyu, suka kwashe suka tafi don suna ganin su baƙi ne? A 2025 majalisa ta ɗauko ƙudurin sabuwar dokar haya don maye gurbin ta 2011. Saboda haka duk wanda zai sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ko aka ba shi notis, ya fara zuwa ofishin ƙungiya a duba masa abin da doka ta tanada a ranar.

Maganar baƙunta kuwa, mu cire ta daga zukatanmu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a yi wa mutum doka ta daban saboda ƙabilarsa ko garinsu ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina. Wanda aka take masa ɗaya daga cikin waɗannan, sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar babbar kotu. Sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha ma su ne zama ɗan ƙasa, shekara 25, ilimin sakandare da jam'iyya, babu inda aka ce sai ɗan asalin jiha. Amma 'yanci yana tafiya da nauyi. Dokar da aka yi bisa ƙa'ida ta hau kanmu ko muna so ko ba ma so, kuma alƙali ba ya karɓar uzurin "ban sani ba".

To me za mu yi? Kwamiti ya kawo shawara biyar.

Na ɗaya, mu zaɓi mutum uku masu karatu, namiji da mace da matashi, su riƙa duba sanarwar majalisa a jaridu da shafinta na intanet da Facebook kowane mako, su kawo rahoto da Hausa a kowane taro.

Na biyu, kowane magidanci ya san sunan ɗan majalisar mazaɓarsa da inda ofishinsa yake. Mu kai masa ziyara lokacin da ba mu da wata buƙata, don kada ranar wuya ta zama ranar sanin juna.

Na uku, mu riƙa zuwa kallon zaman majalisa, akwai wurin zama na jama'a. Da Turanci ake yi, ranar Alhamis kuma an saba yi da Yarbanci, wanda sashe na 97 ya halatta. 'Ya'yanmu haifaffun nan sun ji duka biyun, sai mu tafi da su.

Na huɗu, idan za mu miƙa takarda a zaman jin ra'ayi, ta zama gajera: sunan ƙudurin, lambar sashen da ya dame mu, cutar da zai yi mana, da gyaran da muke so. Ban da zagi, ban da barazana. A sa hannun shugabanni, a kai ofishin akawu, a karɓo kwafi mai hatimi a ajiye. Takardar koke kuwa ta hannun ɗan majalisa ake shigar da ita. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ce hukuma ta amsa buƙata cikin kwana bakwai, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau kan jihohi ma.

Na biyar, kuma mafi nauyi, katin zaɓe. Da yawanmu a nan muke kwana, a nan muke biyan haraji, a nan 'ya'yanmu suke makaranta, amma katinmu na Kano ne ko Sakkwato ko Katsina. Ɗan majalisa da ƙuri'a yake lissafi. Kiranye ma, da sashe na 110 ya tanada, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Wanda rajistarsa ba ta nan ba ya cikin lissafin. Duk lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe rajista, mai niyyar zama a nan ya nemi a dawo masa da katinsa mazaɓar da yake zaune, kuma a bar iyayenmu mata da 'yan matanmu da suka kai 18 su je su yi.

Daga ƙarshe muna roƙon iyaye, ajinmu na yaƙi da jahilci yana nan bayan sallar isha'i, ba a makara da shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to doka ma tun tana ƙuduri ake gyara ta. Masu son shiga kwamitin mutum ukun nan su ba da sunansu a teburin sakatare kafin a tashi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.