Harajin ƙasar baƙunci da gadon wanda ya rasu a waje

  

Karatunmu na yau a kan ƴan'uwanmu ne da neman abinci ya kai su nesa. Da wuya a sami unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wadda ba ta da ɗa a Abijan, ko Akara, ko Faransa. Idan ajali ya riski ɗayansu a can, sai dangi su yi ta gaggawar a turo dukiya gida a raba, alhali hukumar can tana bin mamacin haraji.

Ku sani, ayoyin gado da ke cikin Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun jera haƙƙoƙin: abin da ya rataya a kan wata dukiya takamaimiya kamar jingina, sannan kuɗin likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya a cikin sulusi, sa'annan magada. Magaji shi ne na ƙarshe a jerin.

To, ina matsayin haraji? Wanda ya karɓi biza ya shiga ƙasar mutane, ya shiga ne da alkawarin bin dokarta a cikin abin da ba saɓon Allah ba ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Ya yi ciniki a kasuwarsu, ya yi jinya a asibitinsu, ƴaƴansa sun yi karatu a makarantunsu. Saboda haka muna ganin harajin da ya hau kansa bashi ne, a fitar da shi kafin rabo.

Mu ɗauki Faransa misali. Idan mutum ya rasu a can, dokarsu ta ba magada wata 6 su bayyana dukiyarsa ga hukumar haraji. Idan a waje ya rasu, wata 12. Kowane ɗa ko ɗiya ana yafe masa haraji a kan yuro 100,000 na farko, wato sama da sefa miliyan 65. Abin da ya haura nan, ana cire daga kashi 5 har zuwa kashi 45 cikin ɗari. Matar aure ba ta biyan harajin gadon mijinta tun shekarar 2007. Ke nan mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi ba abin da za a cire musu, tsoro ne da rashin sani suke sa su ɓoyewa. Wanda kuwa ya bari wa'adi ya wuce, kuɗin ruwa ne ke hawa kansa kowane wata, ga tara.

Akwai kuma harajin kuɗin shiga. Mazaunin Faransa, dokarsu ta wajabta masa bayyana abin da yake samu ko'ina, har kuɗin hayar gidansa na Yamai. Da can akwai yarjejeniyar 1965 tsakanin ƙasarmu da Faransa, wadda take hana a cire wa mutum haraji sau biyu a kan dukiya guda. A watan Disamba na 2023 hukumomin Nijar da na Mali suka bayyana soke irin wannan yarjejeniya. Don haka mai dukiya a ƙasa biyu ya nemi masanin doka tun yana da rai, ya rubuta abin da yake da shi da abin da ake binsa.

Muna jan kunnenku, ya ku yayye da baffanni. Idan kuka matsa aka kwaso dukiya aka raba a gida, matar mamaci da marayunsa da ke can su ne hukuma za ta riƙe. Kun ci naku, kun bar musu bashi. Ku tuna gargaɗin wuta da aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi wa masu cin dukiyar marayu da zalunci.

Kada kuma wani ya ce ya biya lanho, zakka ta faɗi a kansa. Zakka ibada ce, tana da nisabinta da niyyarta, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba ita. Haraji haƙƙin hukuma ne. Kowanne a biya shi a muhallinsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya sa mu cika ba tare da nauyin kowa a wuyanmu ba.