Tsutsar da ke cin geronmu tun yana tsaye



Yau ba zancen 'yan bindiga zan yi ba, ko da yake kun san a Batsari da Safana komai ka taɓo sai ya biyo ta dajin Rugu. Bara kawuna ya yi kasada ya noma gonarsa ta bakin daji. Allah ya tsare shi, ya yanke geronsa lafiya. Da aka zo sussuka, sai ga zangarniya duk an zana mata layi kamar an naɗe ta da zare, ƙwayar ta zube. Wallahi ranar bai ci tuwo ba.

Mutanen Maraɗi na kiran wannan tsutsa murzuna. Uwarta 'yar faɗa-wuta ce mai yawon dare. Tana saka ƙwai a kan zangarniya lokacin da gero ke fitar da kai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige ciki tana ci tana zagayawa. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ta binne kanta, ta kwana rani guda, sai ruwa ya sauka ta fito da fiffike. Shi ya sa fesa magani a makare asarar kuɗi ce kawai, ɓarnar ta riga ta auku.

Abin da ke ci mini rai shi ne, maganin yana nan kusa da mu. Masu bincike na INRAN a Maraɗi sun daɗe suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, sunansa Habrobracon hebetor. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya saka ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Ana zuba shi a 'yan jakunkunan algarara a rataye a gonaki, ya hayayyafa ya bazu da kansa. Ba guba, ba injin feshi, kuma ba ya taɓa geron.

To daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar nawa ce? Shinkafa ma ta san hanyar.

Mu da muka yi boko, musamman waɗanda suka karanta noma suna zaune ba aiki, wannan namu ne. In gero ya fara fitar da kai bana, ku shiga gona ku duba, ku ɗauki hoto ku turo, da sunan ƙauyen. Ni zan tattara in kai wa malaman gona kafin watan Agusta ya wuce.