Sammako a Kan Dutsen da Ba a Sani Ba: Lacca ga Maniyyatan Sabo da Bodija

Wannan lacca za ta duba wata al'ada da ta yaɗu tsakanin alhazai da masu umara, wato tashi tun kafin ketowar alfijir domin hawa Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake kusa da ƙwanƙolinsa, inda wahayi ya fara sauka wajen shekara ta 610 miladiyya. Malamai sun yi bayani cewa wannan hawa ba ya cikin rukunan hajji ko wajibansa, amma tun da shauƙi kan ja mutane zuwa can, ya kamata su san abin da za su tarar.

Dutsen ya kai kimanin mita 640 a kan doron teku, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu kafin ya isa sama, a kan matakala da ba su daidaita ba. Jabalu Saur, da ke kudancin Makka, ya fi shi tsawo da wahala. Dalilin da ya sa ake yin sammako a fili yake, domin a hajjin shekarar 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Sai dai mai sammako ciniki ya yi, ya ba da zafin rana ya karɓi duhu, duhu kuwa yakan ɓoye tsakuwar da ke murginawa da dutsen da sawu ya goge ya yi santsi da bakin gangaren da ba shi da makari.

Mutanen Sabo, unguwar da aka kafa a Ibadan a shekarar 1916 kuma ta bunƙasa da cinikin goro da shanu, sun gaji maganin wannan matsala daga kakanninsu. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja yakan tashi daga zango da duku-duku, amma ba ya tashi sai da madugu, wato shugaban tafiya, da kuma jagaba, wanda ke gaba saboda ya san hanya da mashaya da mararraba. Tarihin Hijira ta shekarar 622 ma ya tabbatar da haka, domin bayan kwana uku a Kogon Saur, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun bi hanyar da ba a saba bi ba, tare da ɗan jagoran da suka yi haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka sharaɗi na farko shi ne kada baƙo ya hau shi kaɗai, kuma ya je gindin dutsen da rana tun jajibiri, ya ga inda hanya ta fara, ya tambayi wanda ya taɓa hawa inda ta ƙuntata.

Sharaɗi na biyu shi ne guzuri. Fitilar da ake ɗaurawa a goshi ta fi tocilan hannu, domin hannu biyu suna da aiki wajen dafa dutse, hasken waya kuma ba abin dogaro ba ne, tun da cajin da zai ƙone shi ne za a buƙata idan ta kama a kira lambar agaji ta 911. Silifa, abokin alhaji a Harami, maƙiyinsa ne a kan dutse, gara kambas mai kama ƙasa, babbar riga kuma a bar ta a masauki, mata su tattare bakin hijabi kada a taka. A ɗauki ruwan da zai isa hawa da saukowa tare da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, a sa a jakar goyo a zuge, saboda birran da ke yawo a wajen sun saba fizge leda daga hannun baƙi.

Sharaɗi na uku shi ne lissafin lokaci da sanin jiki. Tsakanin alfijir da fitowar rana akwai sa'a ɗaya da 'yan mintuna, don haka wanda ya tsara tafiyarsa yadda zai cinye shimfiɗaɗɗen sashe cikin duhu, ya yi sallar asuba a wuri mai faɗi, sannan ya riski tsayayyen sashe gari ya fara wayewa, ya haɗa riba biyu. Tun a ƙasa ayari zai yanke lokacin juyawa, wato sa'ar da kowa zai juyo ko an kai ko ba a kai ba, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma saukowa ta fi hawa haɗari, lokacin da gwiwa ta gaji, rana ta ɗaga, cunkoso ya ƙaru a bakin kogon da ba ya ɗaukar mutane da yawa. Jiri da ciwon kai da rikicewar magana alamu ne na bugun zafi, wato gazawar jiki wajen sanyaya kansa, wanda suka bayyana gare shi a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi agaji. Mai hawan jini ko ciwon suga ko na zuciya ya fara ganin likitan tawagar alhazai, kuma a sanar da jami'in masauki sunayen waɗanda suka tafi da lokacin dawowarsu.

Ibadan gari ne na tuddai, kuma hakan dama ce. Ɗan kasuwar da ya wuni zaune a rumfar hatsi a Bodija zai iya gwada numfashinsa a tudun Oke Are, inda hasumiyar Bower ta shekarar 1936 take, ko tudun Mapo, makonni kafin tashin jirgi. Wanda haki ya tsayar a Oke Are ya sami amsarsa tun a gida, kuma idan ya tsaya a gindin Jabalun Nur ya bar matasa suka hau, hajjinsa bai ragu da komai ba. Allah Ya kai maniyyata lafiya, Ya dawo da su lafiya.