Me Ya Sa Mutum Yakan Aikata Laifi?

Tambayarmu ta yau ita ce, me ya sa mutum yakan yi sata, ko fashi, ko kisa? Idan an kama yaro a kasuwa, za ka ji mutane suna cewa, "Ai sata a jininsu take." Wasu har sukan ɗora wa kabila guda wannan suna. Bari mu duba ko gaskiya ne.

A shekara ta 1876, wani likita a ƙasar Italiya, Cesare Lombroso, ya rubuta cewa akwai mutanen da ake haifarsu da halin laifi, wai ana iya gane su daga siffar kai da muƙamuƙi da kunne. Amma a 1913, Charles Goring, likitan kurkuku a Ingila, ya buga sakamakon gwajin fursunoni wajen 3,000. Ya gwada su da mutanen waje, bai sami wata siffa ta mai laifi ba. Ku tuna, Kayinu da Habila uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ezekiyel sura 18 kuma ta nuna ɗan mugu yana iya ganin aikin ubansa ya ƙi binsa.

To, idan ba jini ba ne, mene ne? Masana sun nuna hanyoyi uku.

Ta fari ita ce matsi. A 1938, Robert Merton na Amurka ya ce idan jama'a suna girmama mai kuɗi kawai, amma hanyar samu ta halal a toshe take ga mutane da yawa, wasu za su bi ta bayan gida. Saurayi ya gama makaranta, ba aiki, ga tsaransa da mota ana ba shi kujerar gaba. Agur ya san wannan haɗari, shi ya sa a Karin Magana 30:8-9 ya roƙi abin da zai ishe shi kawai, domin kada rashi ya kai shi ga sata, kada kuma yalwa ta sa ya manta da Allah.

Ta biyu ita ce abokai. Edwin Sutherland ya koyar cewa laifi koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon ƙira ko saƙa, a wurin waɗanda ake zama da su. Yaro yakan koyi dabarar, ya kuma koyi hujjar da zai kwantar da zuciyarsa da ita. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sutherland ɗin ne kuma a 1939 ya jawo hankali ga laifin manya masu ofis, waɗanda suke sata da biro. Ashe ba talaka kaɗai ke sata ba.

Ta uku ita ce tsinkewar zumunci. A 1969, Travis Hirschi ya juya tambayar: me ya hana yawancin mutane yin laifi? Ya ce igiya huɗu ce ke riƙe mutum: shaƙuwa da iyaye, abin da yake tsoron rasawa, aikin da ya cika lokacinsa, da gaskata cewa doka daidai ce.

Dukan waɗannan suna nuna inda jaraba take shigowa, amma zuciya ce take buɗe ƙofa. Akan, cikin Joshuwa sura 7, ba yunwa ta sa shi ba. Ya ga riga da azurfa da zinariya, ya yi ƙyashi, ya ɗauka, ya binne.

Saboda haka, baba da mama, ku san abokan ɗanku. Ku tambayi inda sabuwar wayarsa ta fito. Kada ku riƙa kiransa ɓarawo, gama yaro yakan zama abin da ake kiransa. Dattawan ikkilisiya, ku daina yabon baiko mai yawa da ba a san tushensa ba. Wanda ya fito daga gidan yari kuma, ku ba shi gona ko sana'a, yadda Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi Onisimus kamar ɗan'uwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare 'ya'yanmu, ka komo da waɗanda suka ɓata. Cikin sunan Yesu, amin.