Mai Gauraya Guba Daban, Yaron da Ya Haɗiya Daban

Shugaban reshe, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata.

A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu sarrafa miyagun ƙwayoyi da masu fataucinsu. Da majalisun biyu suka zauna daidaitawa, sai aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai. Jama'a sun yi murna. Amma dattawan cikinmu ba su manta ba cewa a 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas saboda ƙwaya, kuma kasuwar ba ta watse ba.

Abin da ya fi damunmu yau shi ne ƙwayar da ake yi wa gauraye. A Amurka ana cusa fentanil cikin ƙwayoyin jabu, alhali miligiram biyu nasa kan iya kashe mutum. Kada mu ce nesa ne. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya tona yadda ake haɗa tapentadol da carisoprodol a ƙwaya guda a Indiya, ana turo ta Afirka ta Yamma har da Najeriya. Sai bayan tonon sililin Indiya ta haramta haɗin.

Mun san inda irin wannan kaya ke sauka. Da damina ɗalibanmu na Mahuta suna ƙwadago a gonakin masara da waken suya. Wani zai miƙa wa yaro ƙwaya, ya ce tiramol ce, za ta hana shi gajiya. Washegari mu ne muke ganinsa yana gyangyaɗi a aji, idanu jajur. Shi bai san abin da ya haɗiya ba. Wanda ya haɗa ta kuwa ya sani sarai.

Duk da haka dokar NDLEA ta tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana sha ko yana riƙe da ƙwaya. Ina adalci in an ɗora wa ɗan aji uku irin wannan?

Saboda haka muna roƙon wakilanmu a Abuja su sa a ware gauraya ƙwaya ya zama laifi mai zaman kansa, hukuncinsa ya fi na kowa tsanani, yaron da ya faɗa tarko kuma a kai shi magani. A kuma tanadi ɗakin gwaji kusa, don alƙali ba ya hukunta gauraye sai an tabbatar masa.

Wasiƙar tana hannun sakatare. Kowa ya sa hannu kafin ya fita.