Kufan Rumawa a Kurmin Chedworth



Kwamitin shirye-shirye ya nemi in ba ku labarin wuri ɗaya daga cikin wuraren da na gani a ziyarar da na kai ƙasar Ingila bara. Na san wasu sun gyara zama don su ji labarin Landan da jiragenta na ƙarƙashin ƙasa. Ku yi mini haƙuri, wannan kun sha jin sa daga bakin waɗanda suka fi ni yawon duniya. Ni ƙauye zan kai ku, wani kwari a yankin tuddan Cotswolds, cikin lardin Gloucestershire, yamma da Landan, tafiyar kimanin awa biyu a mota. A can akwai kurmi, a tsakiyar kurmin akwai kufan wani katafaren gida na zamanin Rumawa, sa'an nan 'yan mil kaɗan daga nan akwai wani ƙaramin gari da ake kira Northleach.

Ga waɗanda darasin tarihi ya kwanta musu, Rumawa sun shiga tsibirin Birtaniya da yaƙi a shekara ta 43 Miladiyya, zamanin sarkinsu Kalaudiyas, suka mulke shi har wajen shekara ta 410. Babban birninsu a wannan yanki shi ne Corinium, inda garin Cirencester yake a yau, kuma a girman ganuwa Landan kaɗai ta fi shi a duk tsibirin. Hanyar da Rumawa suka shimfiɗa, wadda ake kira Fosse Way, har yanzu a kanta titin mota ya hau a wannan ɓangare. Miƙaƙƙiya ce sambal, ba ta kauce wa tudu, ba ta zagaye kwari. Daga kanta ake ratsewa a bi wasu 'yan siraran hanyoyi, waɗanda in motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya, dama da hagu kuma katangun dutse ne da aka jera ba laka ba siminti, har a gangara bakin wani ƙaramin kogi mai suna Coln.

Kurmin na cikin waɗanda Ingilishi ke kira daɗaɗɗen daji, wato wurin da itatuwa ba su taɓa yankewa a kansa ba tun daga shekarar 1600 zuwa yau. Irin wannan daji bai kai kashi 3 cikin 100 na faɗin ƙasarsu ba, shi ya sa suke ji da shi. Yawancinsa mallakar wasu ne, amma doka ta bar wa kowa 'yancin bin turbobin ƙafa da aka yi wa alama, ko da sun ratsa ta gonar attajiri, muddin mutum bai kauce ba kuma ya rufe ƙyaure in ya wuce. Akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta keta kurmin. An rufe ta a 1961, aka cire ƙarafunan, yanzu ta zama turbar masu tafiya a ƙasa. A inda aka fasa tudu don jirgi ya wuce, idan ka duba dutsen da kyau za ka ga ɓawon ƙananan halittun teku a daskare cikinsa, shaidar cewa wannan tudu ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da kurmin shi ne ana sarar itace a cikinsa, kuma saran ne ya raya shi. Akwai wani ɗan itace da suke kira hezil. Sukan datse shi daga gindi, su bar kututturen. Kututture ɗaya sai ya fito da tofo goma ko fiye, bayan 'yan shekaru a dawo a sake yanka, a sami sanduna na shingen tumaki da ƙota da gawayi. Bana a yanki wannan sashe, baɗi wancan, kafin a zagayo na farko ya sake cika. Wanda ya san yadda manoman Maraɗi suka koma renon tofon kututture a gonakinsu tun cikin shekarun 1980 ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A cikin wannan kurmi ne, a shekarar 1864, wani mai gadin daji ya saki wata 'yar dabba mai kama da tunku cikin ramin zomaye, ta ƙi fitowa. Ya ɗauko shebur yana haƙa don ya ciro ta, sai ya riƙa tono wasu 'yan duwatsu masu launi, an yanka su murabba'i, kowanne bai fi kan yatsa ba. Ƙasar ta wani basarake ce, Earl na Eldon, wanda a lokacin matashi ne. Kawunsa James Farrer, mai sha'awar kayan tarihi, ya sa aka sare itatuwan wurin aka shiga tono. Cikin ɗan lokaci sai ga gida sukutum ya bayyana, ɗaya daga cikin mafi girman gidajen karkara na Rumawa da aka gano a Birtaniya.

An fara gina shi a ƙarni na 2, aka yi ta faɗaɗa shi, ya kai ƙololuwarsa a ƙarni na 4. Sassa uku ne dogaye da suka kewaye tsakar gida, gabansu a buɗe yana kallon kwari. Ɗakin cin abinci shi ne abin kallo. Daɓensa na waɗannan 'yan duwatsu ne, fari da ja da shuɗi-shuɗi, dubbai a jere, kamar yadda iyayenmu mata kan jera tsingaro a daɓe, sai dai su sun fitar da hotuna. A kusurwoyin an zana lokutan shekara cikin siffar mutane. Wanda ya fi burge ni shi ne hunturu: wani ɗan taliki ya ƙudundune cikin alkyabba mai hula, hannu ɗaya riƙe da zomon da ya farauto, ɗayan riƙe da reshe ba ganye ko ɗaya. Wannan alkyabbar ulu ta Birtaniya ta yi suna har ta shiga jerin kayayyakin da Sarki Diyokiletiyan ya ƙayyade wa farashi a duk daular cikin shekara ta 301. Ashe tun lokacin tumakin tsibirin ke kawo kuɗi.

Ku tuna ƙasar sanyi ce. Dabarar da suka yi ita ce ɗora daɓe bisa gajerun ginshiƙai, a bar sarari a ƙasa. A waje akwai murhu inda barori ke iza wuta, zafin ya bi ta ƙarƙashin daɓe, ya hau ta bututun yumɓu da aka binne cikin bango, ya fita ta sama. Mai gida na zaune cikin ɗumi, ba hayaƙi ba toka. Gidan wanka biyu gare su, ɗaya na tururi, ɗaya na busasshen zafi, har da makewayi mai magudanar ruwa. Ina tsaye ina duban ginshiƙan nan sai lissafi ya zo mini: kaya nawa na itace za a ƙona a rana kafin waɗannan ɗakuna su yi ɗumi, kuma kan wa aka ɗauko su? Da sun yi wa dajin saran ƙare-dangi, da wankan bai daɗe ba.

A kusurwar arewa maso yamma akwai idon ruwa, wanda shi ne dalilin kafa gidan a nan. Sun gina masa tafki mai kusurwa takwas da ɗan ɗakin bauta, domin a lokacin suna ganin ruwan na da iskokinsa. Daga baya wani ya zana alamar Kiristanci a kan duwatsun bakin tafkin. Addinin masu gidan ya canja, su kansu sun shuɗe, rufin ya rufta, amma ruwan yana ɓuɓɓugowa har ranar da na tsaya a kansa.

Yanzu ga abin da ya kamata malaman makaranta da ke cikinmu su riƙe. Littattafai sun saba nuna cewa da Rumawa suka janye a 410, sai komai ya watse nan take, masu sana'a suka ɓace, attajirai suka gudu. A 2017 masana suka tono gawayi da ƙashi daga ramin harsashin wani bango a sashen arewa na gidan. Gwajin kabon, wanda ke auna daɗewar abin da ya taɓa rayuwa, ya nuna ba a gina bangon ba sai bayan shekara ta 424, kuma daɓen adon da ke ɗakin an shimfiɗa shi ne ya dace da bangon. Aka bayyana sakamakon a watan Disamba na 2020. Shi ne daɓen ado na farko da aka danganta da ƙarni na 5 a duk Birtaniya. Aikin bai kai na ƙarni na 4 kyau ba, akwai kurakurai a zanen, alamar hannu ya fara mutuwa. Duk da haka akwai wanda ya biya, akwai kuma wanda ya iya. Gidan ya mutu ne a hankali, ɗaki bayan ɗaki. Daga baya aka kwashe duwatsun da za a iya kwasa, ƙasa ta gangaro daga tudu ta rufe saura, itatuwa suka tsiro a kai. A ganina wannan ce sa'arsa, domin gidajen Rumawa da dama da suka faɗa cikin gonaki garma ta yi wa daɓensu kaca-kaca.

Northleach kuwa mutanensa kimanin dubu biyu ne. Kasuwa ce ta kafa shi a ƙarni na 13, ulu kuma ya ɗaukaka shi a ƙarni na 15, lokacin da fatake ke zuwa saye don masaƙun Turai. A tsakiyar garin akwai majami'a wadda girmanta ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwar ulu ne suka gina ta. Ɗaya daga cikinsu, John Fortey, wanda ya rasu a 1458, shi ya ɗaga rufin tsakiya ya sa manyan tagogi don haske ya shiga. Hotonsa na nan a allon tagulla cikin daɓen, ƙafa ɗaya a kan tunkiya, ɗaya a kan ƙunshin ulu. Bai ji kunyar inda dukiyarsa ta fito ba.

Mai gidan Chedworth, a yadda masana suka fi zato, ɗan ƙasa ne da ya ɗauki al'adun Rumawa, mai faɗa a ji a birnin Corinium, ya zo ya zuba dukiyarsa a gidan karkara don kansa da baƙinsa. Attajiran Northleach su ma sun ci kasuwar nesa, suka zuba tasu a ginin da kowa ke shiga. Na farkon ko sunansa bai tsira ba. Na biyun yau sama da shekara 550 ana amfani da abin da suka bari, ana gyara shi, yaran garin na iya nuna maka sunayensu. Ku da kuke zaune a birane kuna aiko da bulo da kwano gida, kun fi ni sanin inda wannan magana ta dosa, don haka ba zan ja ta ba.

Shi kansa kufan, tono shi ya jefa shi cikin sabon haɗari, domin abin da ƙasa ta adana shekara dubu da ɗoriya ruwan sama da jaura na iya cinye shi cikin 'yan shekaru. Earl na Eldon ya sa an yi wa ɗakunan rumfuna, ya gina ɗan gidan ajiye kayan da aka tono. A 1924 aka yi karo-karo aka sayi wurin aka danƙa wa National Trust, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1895, wadda ke tafiya da kuɗin mambobi da guminsu. A 2012 aka buɗe sabuwar rumfa a kan sashen yamma, da gadoji a rataye, ka bi ta sama ka ga daɓen ba tare da ka taka shi ba. Dattawan da suka zagaya da mu 'yan sa-kai ne, masu ritaya irina, ba a biyan su ko sisi.

Kurmin ma yana da tasa damuwar. Wata cutar itace da aka fara tabbatarwa a Birtaniya cikin 2012 tana kashe itacen da suke kira ash, wanda ke da yawa a waɗannan tuddai, kuma a kan hanya mun ga da dama kawunansu sun bushe a tsakiyar lokacin ganye. A gindin bangon kufan kuwa, bayan an ɗan yi yayyafi, sai ga wasu manyan dodon koɗi masu farin ɓawo sun fito suna jan ciki. Babu dodon koɗin tudu da ya kai su girma a Birtaniya, kuma ana ganin Rumawa ne suka kawo kakanninsu don ci. Tun 2008 doka ta hana kama su ko sayar da su a Ingila, saboda haka aka gargaɗe mu kowa ya riƙa duban inda zai sa ƙafa.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo.