BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabi ga manoma da makiyaya bayan girbi

Dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, barkanku da kaka. Allah ya sa wa abin da muka samu albarka.

Ƴan'uwa, na zo in yi maganar yunwa yau da kowa ke ƙoshe, domin ranar da ta shigo gari ba mai kunnen sauraron jawabi.

Ƙasarmu ta san yunwa. Kakanninmu sun sha ta a 1913 da 1914. A 1931 fara ta cinye gonakin yammacin ƙasa, mutane na mutuwa, ana kuma bin su lanho. Bayan haka Nasara ya tilasta rumbun tsimi. Dabarar ba ta da laifi, amma talaka ya ƙi ta, don hatsin nasa ne, ikon buɗewa na wani. Fari ya komo a 1973 da 1974, ya komo a 1984. A 2005 kuwa, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, akwai hatsi a kasuwar Maraɗi, amma talaka ba shi da kuɗin saye, yara suka rame a gaban buhunan da aka jibge. Mun karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, amma wanda ke jiran taimako daga waje kafin ya ɗora tukunya, ƴancinsa da saura. Kayan aro ba ya rufe katara.

To, me za mu yi? Abu shida ne.

NA FARKO, LISSAFI. Kowane mai gida ya zauna da uwargida, don ita ta san abin da turmi ke ci. Gidan da ke daka tiya 2 kullum yana bukatar tiya 730 a shekara, wato buhu 18 mai tiya 40, da ɗan ƙari. Wata 4 na tsakanin shuka da sabon hatsi kaɗai suna cin buhu 6. Waɗannan 6 a ware su tun yau, a ɗauka babu su. Ba na biki ba ne, ba na suna ba ne. Iri kuma a zaɓe shi daga zangarniya mafi kyau, a rataye shi dabam. Wanda ya ci irinsa ya ci shekara biyu a tukunya ɗaya.

NA BIYU, AJIYA. Hatsi a damminsa ya fi daɗewa bisa wanda aka sussuke. A share rumbu kafin zuba sabo, a liƙe tsaga, a gyara jinka, a ɗaga shi bisa duwatsu saboda gara da danshi. Wake ya bushe sarai, sa'an nan a gauraya shi da toka ko rairayi mai laushi. Mai hali ya sayi buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki: in an ɗaure kowace da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

NA UKU, KASUWA DA BASHI. Da kaka kowa ke sayarwa, hatsi ya faɗi. Da damina kowa ke saye, ya hau. Mai sayar da rumbunsa a Oktoba shi ne zai sayi hatsin nan nasa a Yuli da tsada, ko ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu. In kuɗi ya matsa, a sayar da gyaɗa, ko riɗi, ko ɗan akuya. A kowane gari a kafa rumbun jama'a: kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, a zaɓi amintattu maza da mata, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi a bainar jama'a. Wannan karon mabuɗi yana hannunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

NA HUƊU, DABBA. Makiyaya, kun ga abin da 1984 ta yi wa garke. In damina ta gaza, a sayar da wasu tun da sauran tsoka a jikinsu, a sayi hatsi. Saniyar da ta kai Mayu ba ta iya tashi, ko kuɗin fatarta da ƙyar. A tara harawa da kara tun yanzu. Mata kuma kada su raina jar akuyar Maraɗi: tana yawan haifan tagwaye, tana ba yara nono, ita ce asusun gida.

NA BIYAR, GONA. Rani ba lokacin zaman gindin bishiya ba ne. Mutanen Illela a ƙasar Tawa sun rayar da fako da tassa: a haƙa ƙananan ramu da rani, a zuba taki, ruwan farko ya tsaya a ciki, a shuka. Manoman Maraɗi tun wajen 1984 suka kama sassaben zamani: ba a tumɓuke kututture, sai a bar rassa biyu uku masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara kimanin eka miliyan 5 irin ta Faransa suka sake yin itace a ƙasar nan. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Mai fadama ko rijiya ya yi garka. Albasar Galmi ba daga sama ta faɗo ba.

NA SHIDA, SANIN DAJI DA LAFIYA. Samari, ku tambayi tsofaffi tun suna raye. Su nuna muku jiga da yaɗiya da tafasa, da yadda ake sussukar ƙarangiya. Anza ta ceci rayuka, amma ba a cin ta sai an jiƙa ta kwanaki, ana sake ruwa kullum har ɗacin ya fita, in ba haka ba cuta ce. A shanya zogale da kuɓewa da kuka a inuwa, a adana. Yaron da zawo ya kama, a tafasa ruwa lita 1, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a dinga ba shi, kada a daina ba shi nono, a gaggauta kai shi likita.

Ƴan'uwa, ruwa na Allah ne, ba mu da iko da shi. Amma rumbu namu ne, lissafi namu ne. Kowa ya koma gida daren nan ya ƙirga dammansa. Wanda ya ga ba za su kai shi ba, ya faɗa tun yanzu, ba abin kunya ba ne, mu san yadda za mu yi tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dogaro ga kwanon wani. Wassalamu alaikum.